Rakiyar Baba Har Bakin Titi

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata da ke Dutse, ta wajen Limawa, kuma duk zango na biyu sai manhaja ta kawo ni kan wasu 'yan kalmomi biyu da Bature ya haɗa ya ce su ne rakiya, wato *see off*. Na san darasin nan kamar yunwar cikina. Ko littafi ba na buɗewa. Zan rubuta su a allo, in ja musu layi, in juyo in ce ma'anarsu uku ce. Ta farko, ka bi mai tafiya zuwa tasha ko filin jirgi ka yi masa sallama. Ta biyu, ka fatattaki wanda ba ka so, kamar yadda kare yake yi wa ɓarawon kaji. Ta uku, ka ga bayan abokin karawarka, ko a filin ƙwallo ko a akwatin zaɓe. Daga nan sai gargaɗi: in an ambaci wanda aka raka da wakilin suna, to tsakiya yake shiga, a ce *see him off*. Wadda duk ta rubuta *see off him* ta san jan birona.

Ban taɓa koyar da darasin nan da armashi ba kamar a wasu shekaru biyu. A cikinsu ne har mai duba malamai ya zauna a bayan aji ya saurare ni, ya rubuta cewa na ƙware. A cikinsu ne kuma idon mahaifina yake mutuwa a Aujara, yana ta neman hanyar da zai gaya min, ni kuwa na toshe hanyar da hannuna ina ta murna.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Asalinmu makiyaya ne. Kakana ne ya jingine sanda ya ɗauki fartanya, kuma tun daga lokacin shanu suke ta raguwa, amma kunya ko kaɗan ba ta ragu ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni a gaban mutane sai ya ce "mutumin Dutse". Inna kuwa "wancan" take ce min, kamar wani wanda ya zo wucewa. In na isa gida na durƙusa a zaure na gaishe shi, tambaya uku ce rabona: ya hanya, ya yara, ya aiki. Daga nan sai ya juya wajen ƙanena, wanda shi ne a gida yana noma, su yi ta raha har la'asar, ni ina gefe ina kallon tabarma. Da ina yaro abin nan yana ci min rai ƙwarai, har na sha zaton ba a so na ne. Sai da na girma na fara zuwa ina komawa na gane cewa nawa rabon a hanya aka ajiye min shi.

Gidanmu yana can ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Daga ƙofarmu zuwa bakin titin da ake tsayar da motar haya tafiyar kusan minti ashirin ce cikin rairayi. Za ka wuce rijiya, ka wuce wata tsohuwar kuka, sannan ka ratsa gonakin gero. Da wannan hanya Baba yake auna mutane. Mai tallan magani da ɗan siyasa, bakin zaure ne iyakarsu, ko takalmi ba ya sa musu. Maƙwabci da abokin kasuwa, rijiya. Suruki da malami, gindin kuka. Bakin titi kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ina cikinsu. Mutanen garinmu sun san wannan ma'auni sarai. Akwai wani dattijo da ya yi shekara yana gaba da Baba saboda an juya masa a rijiya, alhali yana ganin kansa ɗan gindin kuka ne.

Duk ranar da zan koma Dutse, ina miƙewa sai Baba ya ɗauki sandarsa ya ce, "Bari in taka wa mutumin Dutse." Har mu wuce rijiya ba ya cewa uffan. Muna wuce kuka, ba kowa sai mu da gero, sai bakinsa ya buɗe. Ba ya duba na. Gabansa yake kallo, sanda a gicciye a kafaɗa, yana magana kamar da gonar yake yi. Kuma bai cika cewa "ni" ko "kai" ba, sai dai "wani mutum". A wannan hanya na ji cewa wani mutum ya yarda ɗansa ya auri yarinyar da ya gani a Dutse. A nan na ji cewa wani mutum ya yi kuka ranar da ɗansa ya ci jarrabawar kwaleji, amma a bayan rumbu ya yi. A nan ya gaya min inda iyakar gonakinmu take, da wanda za a nema in rigima ta taso. Duk abin da na sani game da mahaifina, tsakanin kuka da bakin titi na same shi.

Wata ranar Lahadi da kaka, mun iso bakin titi ke nan sai ya ce, "Akwai wata 'yar magana." Kafin ya ci gaba sai ga motar Dutse ta tsaya, kwandasta yana buga ƙofa yana cewa saura mutum ɗaya. Baba ya ce, "Hau abinka. Ba ta gaggawa ba ce, sai ka sake zuwa."

Da na sake zuwa, da motata na zo.

Ba zan ɓoye ba, na so motar nan. Ta hannu ce, amma ja ce jawur, in an wanke ta har ɗaukar ido take. Na daɗe ina shan matsi a motar haya, kaji a ƙafata, buhun wani a cinyata, ina ta raya ranar da zan tsaya a ƙofar gidanmu in buɗe ƙofa in fito a hankali. Ranar ta zo kuwa. Na ratsa rairayin nan injin yana kuka, na wuce kuka, na wuce rijiya, na tsaya daidai bakin zaure har inuwar motar tana shiga ciki. Unguwa ta fito. Baba ya fito daga baya, ya tsaya jim, sannan ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kanta. Ya shafa ta tun daga gaba har baya, a hankali, kamar mai taya saniya a kasuwa. Na ji daɗi har wuyana ya yi kauri. Na ce a raina albarka yake sa mata.

Ya ce, "Allah ya tsare. Baƙar karsana mutumin Dutse ya samo."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ɗauka zolaya ce irin tasa. Wannan fa mutum ne da yake bambanta saniya da 'yar uwarta da ɗigon fari a goshi tun daga nesa, amma ya ce wa jar mota baƙa, ni kuma mai digiri na tsaya ina dariya.

Da la'asar na miƙe zan tafi. Baba ya ɗauki sandarsa kamar kullum. Muka fito zaure, taku uku muka iso mota. Ya tsaya da sanda a hannu. Ga ƙanena, ga jikoki, ga maƙwabta sun kewaye mu. Na ce, "Baba, ai yanzu ka huta. Ba sai ka wahalar da ƙafarka ba." Na faɗe ta da alfahari, kamar wanda ya sauke wa mahaifinsa kaya. Ya ce, "Haka ne. Allah ya kiyaye hanya." Na ja mota. A madubi na hango shi tsaye inda na bar shi, daidai inda yake sallamar mai tallan magani.

Haka muka yi shekara biyu. Kada wani ya ce na yanke zumunci, don zuwana ma ƙaruwa ya yi. Duk mako uku ina hanya, wani lokaci da matata da yara, but ɗin motar cike da dabino da lemo. Ana cewa zumunci a ƙafa yake, ni kuwa na ɗora shi a kan taya huɗu na ga har ya fi sauri. Ina zuwa, in durƙusa, in karɓi tambayoyina uku, in ci tuwo, in yi taku uku in shiga mota. Wayar gidan kuwa a hannun ƙanena take, kuma in Baba zai yi magana a buɗe ake sa ta kowa yana ji, don haka ko a nan ya hanya ce da ya yara.

Ya yi min hannunka mai sanda iya ƙarfinsa. Ya ce, "Rairayin ƙofar nan zai kafe maka karsana wata rana. Da ka riƙa barinta a bakin titi wajen mai faci." Na ce, "Haba Baba, ai wannan ko a Sahara za ta shiga ta fita." Inna, wadda ba ta yi min doguwar magana, ta ce wa bango, "Yara na ɓata wa wancan mota da hannu, da ya riƙa ajiye ta nesa." Na ce ba komai, ai ruwa ne zai wanke. Wata rana har Baba ya sauke girmansa ya ce zai shiga in kai shi bakin titi ya dawo da ƙafa. Murna ta kama ni. Na buɗe masa gaba, matata da yara uku suna baya, na kunna masa sanyi, na kunna masa rediyo don ya ji ƙarfin sifikun. Minti biyu muka iso titi. Ya ɗora hannunsa a kan gwiwa ya ce, "Lallai tana da sauri." Na ce ai bai ga komai ba ma. Na juya da shi na mayar da shi har bakin zaure, don kada a ce na bar mahaifina ya taka ƙasa.

Alamu kuwa ba irin wadda ban gani ba. Ya daina buɗe ƙaramin Alƙur'aninsa, ya ce tilawa da ka ta fi masa daɗi, na ce tsoron Allah ne ya ƙaru. Ya daina zuwa kasuwa, na ce hutu ne ya kama shi. In mutum ya shigo zaure ba ya yi masa maraba sai ya yi magana, na ce ai girma ke nan. Kowace alama na samo mata fassara mai kyau, don aikina ke nan, fassara. Ƙanena kuwa kullum yana gona, kuma ko ya lura ba zai tari mahaifinsa da irin wannan magana ba. Shi Baba a ganinsa maganar da ta kai wannan nauyi babban ɗa ake fara gaya wa, kuma ba a gaban mata da jikoki maigida zai buɗe baki ya ce ba ya gani ba.

A cikin wannan lokaci ne wata ɗaliba ta ɗaga hannu ina tsakiyar darasin nan nawa. Yarinya ce 'yar ƙauye mai yawan tambaya, irin waɗanda suke sa malami duba agogo. Na rubuta misali a allo, *We saw him off at the airport*, na fassara musu cewa mun raka shi filin jirgi.

Ta ce, "Malam, to har ina suke kai mutum?"

Na ce, "Ga shi a rubuce, filin jirgi."

Ta ce, "A'a Malam, ina nufin ta yaya ake gane wanda aka fi so? A garinmu in aka juya maka a ƙofar gida ka san matsayinka. Su ba su da wannan?"

Na ce littafi bai faɗa ba. Ta ce to ita dai ta lura su da ido suke rakiyarsu, mu kuwa takawa muke yi. Aji ya fashe da dariya. Ni kuma na gyara tsayuwa na yi musu huɗuba ta minti goma a kan darajar lokaci. Na ce abin da ya ciyar da Bature gaba ke nan, ba ya ɓata rabin yini yana raka wanda ya san hanya. Na ce mu ne za a raka ka, ka rako wanda ya raka ka, rana ta faɗi ba a yi aikin komai ba. Na ce ni kaina na hutar da mahaifina wannan wahala. Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan jimla ina buga tebur, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar ce mai duba malamai yake bayan aji.

Ina so in ce hankalina ne ya dawo da ni, amma ƙarya ne. Injin mota ne ya buga. Ta kwanta wajen bakanike a Dutse ana jiran wani ƙarfe daga Kano, ga shi kuma an yi wa ƙanena haihuwa dole in je suna. Na shiga motar haya ina ta tsaki, kaji a ƙafata kamar da. Da damina ne, gero ya yi kai. Na sauka a bakin titi na ratsa gonaki da ƙafa, ina jin haushin rairayin da ke shiga takalmina.

Da na durƙusa a zaure na yi gaisuwa, Baba ya ɗan karkata kai ya ce, "Ban ji kukan karsana ba."

Na ce, "Tana wajen gyara, Baba."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Amma yadda ya faɗe ta, ban ji alamar yana yi mata gaggawar warkewa ba.

Aka yi suna, aka ci aka sha. Da la'asar na miƙe. Kafin in gama sallama da mutane Baba ya riga ya lalubo sandarsa yana tsaye. "Bari in taka wa mutumin Dutse." Shekara biyu rabon da in ji wannan magana, kuma ban san na yi kewarta ba sai da na ji ta.

Muka fito. Tafiyarsa ta canja, sandar ba ta kafaɗa, tana gaba tana taɓa ƙasa. Muna wuce rijiya sai na ji hannu a kafaɗata. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa taɓa jikina ba. Ya ce, "Ƙasar ta yi santsi." Kwana uku ba a yi ruwa ba, rairayi ne busasshe. Na rage sauri. Muka wuce kuka, muka shiga cikin gero, muryoyin 'yan suna suka yi nisa.

Ya ce, "Akwai wani mutum. Idonsa na dama ya fara yi masa duhu ta gefe tun kakar da ta wuce waccan. Yanzu ya tafi gaba ɗaya. Na hagun ma hayaƙi ne, sai dai ya gane rana da dare."

Na san amsar, amma wauta ta sa na tambaya. Na ce, "Wane mutum ne, Baba?"

Ya ce, "Wanda hannunsa yake kafaɗarka."

Na tsaya cak. Ya ce, "Ci gaba da tafiya, kada wani ya hango mu a tsaye." Na ci gaba. Hawaye ne yake zubo min, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san ba sai na ɓoye fuskata ba. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?" Ya ce, "A ina?" Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma bai faɗe ta da faɗa ba. Tambaya ce kawai.

Da muka iso bakin titi wata matsalar ta taso. Ba zan iya hawa mota in bar shi ya koma shi kaɗai ba. Shi kuma ya ce sam, ba a taɓa yin ɗa ya rako uban da ya raka shi ba, duk wanda ya gan mu zai gane. Ya ce ƙafarsa ta san hanya, shekara sittin tana binta. Muka yi ta ja, motar Dutse ta zo ta wuce. Can sai ya ce, "Kamar ka manta hularka a zaure." Hular tana kaina. Na cire ta na cusa a aljihu, muka juyo. Duk wanda muka gamu da shi sai Baba ya ce, "Mutumin Dutse ne ya manta hula. Boko ba ta maganin mantuwa." Mutane suna dariya, ni ina tafe kai ba hula, hannunsa a kafaɗata kamar mai tsokanata.

Na kwana. Da safe aka sanar da gida cewa Baba zai bi ni Dutse ya ga jikokinsa. Inna ta rako mu bakin ƙofar cikin gida, iyakar inda take tsayawa. Ta miƙa min ƙullin kayansa ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "A gaida yara." Sannan ta rage murya ta ce, "Da likitan." Ashe ita ce take ajiye masa buta da takalmi a wuri ɗaya kullum, take kawar da turmi daga hanya tun kafin ya fito. Shi yana ɓoye mata, ita tana ɓoye masa cewa ta sani.

A asibiti likita ya daɗe yana haska idanun. Ya ce na hagu yana ce ta rufe shi, za a yi aiki a cire, in Allah ya yarda zai gani. Na dama kuwa hawan jinin ido ne ya cinye jijiyar, ba ya dawowa. Ya ce da an zo da wuri, da maganin ɗigawa kawai zai iya riƙe abin da ya rage. Ya juyo ya dube ni, ga ni da babbar riga da biro a aljihu, ya ce, "Malam, kai ne babban ɗansa? Ina kake duk wannan lokaci?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Yana zuwa, likita. Duk mako uku yana zuwa, bai taɓa fashi ba."

Kare ni yake yi, da zuciya ɗaya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Aka yi aikin, aka dace. Ya yi kwana goma sha biyu a gidana da ke unguwar Yalwawa, matata tana ɗiga masa magani a kan lokaci, yara suna rigimar wanda zai kai masa ruwan alwala. Ranar da aka cire bandeji ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya ya kira sunan kowa, ya ce wa ƙaramar ashe kamar Inna ta yi kaki ta tofar. Ni bai dube ni ba, kuma ban sa rai ba. A zaure ko a falo, ɗan fari ɗan fari ne. Na koma makaranta a makon, kuma da na shiga ajin yarinyar nan mai tambaya na rasa yadda zan haɗa ido da ita. Darasin dai yana nan a manhaja, ma'ana uku, wakilin suna a tsakiya. Huɗubar darajar lokaci ce kawai na daina.

Ana gobe zai koma bakanike ya kawo motar da yamma, Baba yana ɗaki yana hutawa. Da safe na tashi na wanke ta da kaina har tana ƙyalli, na shimfiɗa masa darduma a kujerar gaba. Mai hali ba ya fasa halinsa. A raina na ce wannan karon zan ajiye ta a bakin titi in mun isa, na riga na koyi darasi, amma ai daga Dutse zuwa Aujara dole a shiga mota, gara tawa da ta haya.

Baba ya fito tsakar gida da baƙin gilashin da aka ba shi a asibiti, sanda a gicciye a kafaɗa kamar da. Ya tsaya a gaban motar. Ya ɗaga gilashin kaɗan, ya karkata kai don idon hagun ya samu hanya. Ya zagaya ta a hankali tun daga gaba har baya. Wannan karon bai taɓa ta ba.

Ya ce, "Ashe ja ce."

Na ce, "Ja ce, Baba."

Ya ce, "Tana da kyau." Ya mayar da gilashinsa, ya juya ya nufi ƙofar gida. "Bar ta ta huta, ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba. Ɗauko min kayana ka taka min. Tashar taku da nisa?"

Na dubi mukullin da ke hannuna, na sa shi a aljihu. Na ce, "Da nisa, Baba."

Ya ce, "To madalla."